Wurin da aka yi min lissafin furojek ɗina kan cutar MS da ciwon damuwa: mai daɗi da marar daɗi

Tun ranar da na yi difens ɗin digirina na biyu 'yan ajinmu suke ta kirana ɗaya bayan ɗaya, wai wa ya yi min analisis, nawa ya karɓa, zai iya gama musu kafin wata ya mutu? To na ga gara in zauna in rubuta komai sau ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. Sunan shagon ba zan saka ba, don akwai wuraren da zan yi ƙorafi kuma ba na son ya zama ni ce na taɓa wa bawan Allah abincinsa. Abin da zan iya cewa shi ne yana cikin jerin shagunan nan na buga takardu da ke tsakanin Kabuga da Gadon Ƙaya a Kano, a saman bene, ɗan ɗaki ne da kwamfuta uku da fanka ɗaya, mai wurin kowa Malam yake ce masa, yana da yara biyu masu shigar masa da bayanai.

Sai na fara da dalilin da ya sa na ɗauki wannan maudu'in, in ba haka ba ba za ku gane me ya sa na damu da yadda aka yi lissafin ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Yayata wadda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ke da cutar. Abin ya fara mata da ido, wata safiya ta tashi idonta na hagu ya yi hazo kuma yana ciwo in ta juya shi, bayan 'yan makonni ya washe da kansa muka ce alhamdulillahi, sai can bayan wani lokaci ƙafa ta fara yi mata nauyi tana jan ta, hannu yana yi mata kamar kiyashi na tafiya a ciki, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Ba irin abin da ba a faɗa ba. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu su ce shanyewar ɓarin jiki ce ke son kama ta, an sha rubutu an yi hayaƙi an yi ruƙiyya, asibiti kuma an yi ta ba ta maganin taifot da na ƙarin jini. Sai da aka dangana da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi aka yi hoton MRI sannan aka ce maltiful sikilerosis ce, wadda likitoci ke taƙaitawa su ce MS.

Ga wanda bai sani ba, jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka suna da wata riga da ta lulluɓe su, kamar dai robar da ke jikin wayar wuta, to a wannan cutar garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa tana cin rigar nan, sai saƙo ya daina wucewa yadda ya kamata, inda aka ci kuma ya bar tabo. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fara fayyace ta a 1868 a Paris, kuma tun a lokacin ya lura cewa ba jiki kaɗai take taɓawa ba har da yanayin zuciyar mutum. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta ce mutum wajen miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza, kuma ta fi kama mutum tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato daidai lokacin aure da haihuwa da neman abin kai. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Turai, a nan wajenmu ba a cika ganin ta ba, shi ya sa ma ba a cika tunanin ta ba.

Amma wallahi ba ƙafar ce ta fi tayar min da hankali ba. Yaya mace ce mai surutu, mai son mutane, in ana biki ita ce a bakin tukunya, sai ga shi ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta cin abinci sai an matsa, 'ya'yanta su shigo ta juya musu baya, wani dare ta ce min ita ta zama kaya a wuyan mijinta gara a ce ba ta nan. Umma ta ce ai duk mai ciwo haka yake, a yi ta addu'a. Addu'a kam muna yi, amma ni na san abin da nake gani ya wuce ɓacin ran mai jinya. Da na fara karatu a kai sai na tarar ashe sananne ne, kusan rabin masu MS suna gamuwa da ciwon damuwa a wani lokaci na rayuwarsu, kuma wani babban nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya samu wajen kashi 30 cikin 100 suna da damuwa, wajen kashi 22 kuma suna da fargaba. Duk waɗannan alƙaluman kusan na Turawa ne. Ni kuma ina son in ga na mutanenmu. Ka ji asalin furojek ɗin.

Tattara bayanan ya ci min lokaci ba kaɗan ba, neman izinin kwamitin ɗa'a, bin asibitoci, jiran ranar kilinik, kiran mutane a waya wasu su ɗauka wasu lambar ta daina shiga. Ƙarshe dai na samu mutane kaɗan ne, kaɗan sosai, kuma na san kaɗan ne. Wuri na farko da wata ta kai ni, yaron ko zama bai ce in yi ba, ya buɗe fayil ɗin Excel ya duba ƙasa ya ce Hajiya wannan ai ba zai ba da komai ba, amma kar ki damu za mu cike miki shi ya kai ɗari biyu, ki faɗa min waɗanda kike so su fito siginifikan, wato lissafi ya nuna kamar akwai alaƙa ta gaske. Haka ya faɗa, ko ƙasa da murya bai yi ba, alamar abin ya zama ruwan dare. Na karɓi filashina na fito jikina yana rawa, saboda kowane layi a fayil ɗin nan mutum ne da na zauna da shi, wata ta yi min kuka, wani ya ce ni ce ta farko da ta taɓa tambayarsa yadda zuciyarsa take, sannan a ce za a ƙirƙiro wasu a cakuɗa da su.

Sai wani abokin aikina ya ce in gwada Malam.

Abin da ya fara burge ni shi ne ranar farko ko kwamfuta bai kunna ba. Ya ɗauko farar takarda da biro ya ce Sista ni ban san cutar nan ba, ki koya min ita kamar yadda za ki koya wa ɗan firamare, in ban gane ta ba duk abin da zan danna ɓata miki lokaci ne. Mun fi awa ɗaya ina bayani yana tambaya yana rubutawa. Yana cikin haka ya ce, duk waɗannan mutanen kin tabbata cuta ɗaya ce ke damun su? Tambayar nan ta tsaya min a rai, domin akwai wata cutar mai kama da MS sosai da ake ce wa NMO, ita ma ido da laka take kamawa, kuma an fi ganin ta a baƙar fata da mutanen Asiya fiye da yadda ake ganin ta a Turawa, ana bambance ta da wani gwajin jini na musamman. Na koma na sake bin fayil-fayil, na tarar akwai waɗanda likita ya rubuta yana zargin NMO ne ba a tabbatar ba. Dole na cire su. Mutanen da dama ba su da yawa suka ƙara raguwa, na ji zafi ranar, amma daidai ne.

Sannan muka zo kan ma'aunin damuwar, kuma nan ne na san kuɗina bai tafi a banza ba. Na yi amfani da PHQ-9, takardar tambayoyi tara da aka fitar da ingancinta a 2001, kowace tambaya maki 0 zuwa 3 ne gwargwadon yadda abin ya dami mutum cikin mako biyun da suka wuce, jimilla 27, kuma yawanci daga 10 zuwa sama ake cewa akwai alamar ciwon damuwa da ya kamata a duba. Malam ya ce in karanto masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya da Hausa yadda na yi wa marasa lafiyar. Na karanto: rashin sha'awar abubuwa, jin ƙunci, matsalar barci, gajiya, cin abinci, ganin kai ba komai ba, kasa tattara hankali, sanyin jiki wajen motsi ko magana, sai ta ƙarshe tunanin gara mutuwa. Ya ajiye biro ya ce, ɗazu ba ke kika ce min babbar alamar MS gajiya ce ba? Kuma kin ce tana hana barci saboda yawan fitsari da ciwon jiki, tana rage kaifin tunani, tana sa mutum ya yi nauyin motsi? To ashe mutum zai iya cin maki 10 ko fiye a takardar nan alhali zuciyarsa lafiya lau, cutar jikin ce kawai ta ba shi makin. Na yi shiru. Tambaya huɗu, kowace maki 3, 12 ke nan, ya wuce layin ba tare da ya taɓa jin ƙunci ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na karanta wannan matsalar a littafi, amma sai da mai lissafi ya ɗora min ita a kan tebur na ga girmanta. Ga shi kuma wani ɓangare na hirarrakin a watan Afrilu na yi su, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, alhali tun 1890 likitan ido Wilhelm Uhthoff ya bayyana cewa motsa jiki yana dusashe ganin wasu masu cutar na ɗan lokaci, daga baya aka gane ɗumamar jiki ce ke tsananta alamun, Yaya ma in rana ta take ko tsakar gida ba ta iya tsallakawa.

Da a farko na zo wurinsa da wataƙila HADS zan ɗauka, ma'aunin 1983 mai tambaya 14, bakwai na damuwa bakwai na fargaba, wanda dama an tsara shi ne don marasa lafiyar asibiti aka cire tambayoyin jiki irin su barci da cin abinci. Amma aikin gama ya gama. Abin da ya yi shi ne ya yi lissafin sau biyu, ɗaya da tambayoyin tara cif, ɗaya kuma da tambayoyin da suka shafi zuciya zalla, ya ajiye su gefe da gefe ya ce mu ga ko labarin zai canza. Kuma ya ce in rubuta a fili cewa na biyun ba ma'auni ba ne da aka tantance, gwaji ne kawai na ƙarfin sakamakon. Wannan tebur ɗin shi ne wanda mai jarrabawa na waje ya fi daɗewa a kai ranar difens.

Akwai wani abu da ya tambaya wanda ba ruwansa da lissafi. Da muka zo tambaya ta tara ya ce, waɗanda suka amsa eh, me kika yi musu? Na ce duk na haɗa su da likitan ƙwaƙwalwa a ranar, yana cikin sharuɗɗan izinina. Ya ce alhamdulillahi, sannan ya ci gaba. Ban manta wannan ba.

To sai modal ɗin kansa, wato tsarin lissafin da zai nuna abubuwan da ke da alaƙa da damuwar. Ni na zo da dogon buri, ina son a zuba komai a ciki lokaci ɗaya: shekaru, jinsi, aure, ilimi, kuɗin shiga, tsawon jinya, nakasa, gajiya, ciwon jiki, irin maganin da ake sha. Ya ce abin da ya dace shi ne lojistik rigireshan tunda amsar biyu ce, akwai damuwa ko babu, amma ya ce Sista jaki ɗaya ba ya ɗaukar kayan amalanke. Ya yi min bayanin wata ƙa'ida da masana suka daɗe da ita tun wani bincike na 1996, cewa kowane abu ɗaya da za ka saka a modal yana son a samu aƙalla mutum 10 da abin da ake nema ya same su, ba jimillar mutanen ba fa, waɗanda aka samu da damuwar. Ya ce a ce kina da mutum 20 masu damuwa, to abu biyu ne haƙƙinki, in kika saka goma kwamfuta ba za ta ƙi ba, za ta fitar miki da lambobi masu kyan gani, amma hayaniya ce ba magana ba. Ya ƙara da cewa ƙa'idar ba aya ba ce, akwai masu sassautawa akwai masu tsanantawa, amma tazarar da ke tsakanin abin da nake so da abin da nake da shi ta wuce a yi musu.

Don in yarda, sai ya yi min yadda nake so ɗin a manhajar lissafi ta SPSS ina kallo. Wata lamba ta fito a gaban nakasa, doguwa, sifiri bayan sifiri, tazarar tabbacinta kuma, wato tsakanin inda ake kyautata zaton lambar gaskiya take, ba ta da iyaka. Ya ce kin ga wannan, wani zai kwafa ya rubuta cewa nakasa tana ninka damuwa sau miliyan kaza, alhali abin da ya faru shi ne 'yan mutanen da ke kan keken guragu a bayananki duk sun faɗo ɓangare ɗaya, babu ko ɗaya a ɗayan ɓangaren, sai lissafin ya rasa inda zai tsaya. Daga nan ya koma R, manhajar nan ta kyauta, ya yi amfani da wata hanya da David Firth ya fitar a 1993 wadda ke daidaita irin wannan matsalar in mutane kaɗan ne. Lambar ta sauko ta zama abin da hankali zai ɗauka.

Ita ma nakasar sai da muka yi zama a kanta. Ma'aunin da ake amfani da shi EDSS ne na John Kurtzke, 1983, daga 0 zuwa 10 da rabi-rabi a tsakani, 0 ba a ga komai a gwaji ba, 6 mutum sai da sanda zai iya tafiyar mita 100, 7 ya koma keke. Ni na ɗauka lamba ce kamar shekaru, a zuba kawai. Ya ce daga 1 zuwa 2 da daga 6 zuwa 7 duk taki ɗaya ne a takarda, amma a rayuwa fa? Na ce na farkon mutum ma ba lallai ya lura ba, na biyun kuwa ya bar sanda ya hau keke. Ya ce to ba tsani ba ne mai matakai daidai, kar mu yi masa kallon haka. Muka raba gida biyu, masu tafiya da ƙafarsu ba taimako da masu buƙatar taimako, kuma likitan da ke duba aikina ya amince da inda aka yanka tun kafin mu ga sakamako, wannan ma Malam ne ya nace, ya ce in ka ga sakamako sannan ka zaɓi inda za ka yanka to ka yi wa kanka maguɗi.

Inda muka fi yin gardama shi ne kalmar "tana jawowa". Ni a babi na biyar na riga na rubuta cewa MS tana jawo ciwon damuwa, saboda a gidanmu na gani da idona. Ya zana da'irori a takarda yana haɗa su da kibiyoyi. Ya ce ga hanya ta farko, tabon da ke cikin ƙwaƙwalwa da kumburin kansa su taɓa wuraren da ke kula da yanayin zuciya. Ga ta biyu, mutum ya rasa aiki, ya rasa tafiya masallaci ko kasuwa, mace ta ga an fara maganar kishiya, dole rai ya ɓaci. Ga ta uku, magani, domin na gaya masa allurar sitiroid mai ƙarfi da ake yi kwana 3 zuwa 5 in ciwon ya tashi tana iya juya yanayin mutum, kuma maganin MS ɗin nan intaferon beta da aka fara amincewa da shi a Amurka a 1993 an daɗe ana muhawara a kan alaƙarsa da damuwa. Sannan ya ja wata kibiya ta koma baya ya ce, mai damuwa kuma ba ya motsa jiki, ba ya shan magani a kan lokaci, yana jin gajiyarsa ta fi nauyi, ashe ita ma damuwar tana iya ƙara abin da kike aunawa? Na ƙara masa da cewa akwai ma binciken da ya nuna wasu suna fara zuwa asibiti da damuwa shekaru kafin a gano MS ɗin. Ya ce to kin gani, ke kuma hoto ɗaya kika ɗauka a rana ɗaya, daga hoto ɗaya ba za ki san wa ya riga wani shigowa ɗakin ba. Ki rubuta "suna da alaƙa". Na ji haushi, ban ɓoye ba, na ce Malam kai ba ka ga yayata ba. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ban ce ƙarya kike ba, na ce takardar nan ba ta isa ta zama shaida ba. Na kwana ina juya maganar, washegari na goge.

Wani abin kuma da ni ce na kawo shi amma shi ya ba shi suna ya ce lallai ya shiga rubutun: su waye ma ake ganowa suna da MS a Kano? Wanda ya iya kaiwa ga likitan jijiya, ya iya biyan hoton MRI, wani lokacin fiye da sau ɗaya. Matar da ke ƙauye tana jan ƙafa ana kai ta wajen mai magani ba za ta taɓa shiga fayil ɗina ba. Shi ya sa da kuɗin shiga bai nuna wata alaƙa ba ya ce kar in kuskura in rubuta cewa talauci ba ruwansa da damuwa, talakawan ne ba su iso ba.

Ƙarshe abu kaɗan ne ya shiga modal ɗin. Alaƙar da na yi tsammani tsakanin nakasa da damuwa ta leƙo, amma tazarar tabbacin tana da faɗi, kuma ya sa na rubuta faɗin nan ƙarara maimakon in ɓuya a bayan 0.05, layin da aka saba yankewa a ce sakamako siginifikan ne. Ya ce mutane sun mayar da 0.05 kamar sakamakon jarrabawa, an ci ko an faɗi, alhali abin tambaya shi ne girman alaƙar nawa ne kuma yaya tabbacinmu yake.

Yanzu marar daɗin, don akwai shi.

Malam ba ya cika alƙawarin lokaci. Ya ce mako biyu, sai da muka haura wata, kuma ina da ranar miƙa aiki a kaina. Saƙon WhatsApp sai ya kwana biyu bai buɗe ba, ka kira ya ce yana aji, don yana koyarwa a wani wuri da safe. Sau biyu na taso daga Hotoro bayan na sauka daga aikin dare, na hau adaidaita biyu, na zo na tarar ba ya nan, yaran su ce yanzu zai dawo, in zauna har la'asar. Wurin zaman ma benci ɗaya ne, maza cike, mace sai dai ta tsaya a baranda, ba wurin alwala na kirki, kuma benen nan matakalarsa a tsaye take, na yi ta tunanin wanda ke da irin lalurar da nake bincike a kai ba zai taɓa iya hawa ba. In an ɗauke wuta kuma sai a jira a samo mai, ranar nan muna tsaka da aiki komai ya mutu.

Babban ƙorafina shi ne yaron da ya mayar da takarduna cikin kwamfuta a karo na biyu bayan na yi gyara. Ya yi kurakurai, wani wurin ya sa 33 a gurbin da bai wuce 3 ba, wani wurin ya juya lambar mace da namiji. Malam ne da kansa ya kamo su da ya fitar da jadawalin farko ya ga makin da ya haura 27, ya ba ni haƙuri, ya sa muka zauna ni da yaron muka bi layi-layi da takardun asali a hannu, bai ƙara min ko sisi ba. Amma da bai duba ba fa? Kuma ban ji daɗin yadda na ga filashin mutane zube a kan tebur ba, kowa ya zo ya soka a kwamfuta ɗaya. Ni dama na cire sunaye da lambobin waya da lambar kati tun daga gida, lambar sirri kawai na bari, kuma duk mai bayanan marasa lafiya ya yi haka kafin ya taka benen nan, a cuta irin wannan da masu ita ba su da yawa a gari, shekaru da unguwa kaɗai sun isa a gane mutum, don haka unguwar ma na cire.

Kuɗi kuma babu tsayayyen farashi a rubuce, sai an yi ciniki, kuma nasa ya fi na maƙwabtansa tsada nesa ba kusa ba, ni dai ya ci min wani babban yanki na albashin wata. Rabi kafin a fara, rabi in an gama. Ba ya rubuta wa mutum babi, ya faɗa min tun ranar farko, zai ba ka tebur da zane da fayil ɗin umarnin da ya yi amfani da shi don kowa ya iya maimaitawa, sannan ya zaunar da kai sai ka iya bayanin kowace lamba da bakinka. Ni sau uku ya sa na yi masa bayanin ma'anar ods reshiyo, lambar da modal ɗin ke fitarwa don nuna ƙarfin alaƙa, na farko na ce "sau kaza ya fi yiwuwa" ya ce a'a, in abin da ake nema yana da yawa a cikin mutane kamar yadda damuwa take a nan, lambar tana zuzuta bambancin fiye da yadda yake, ki kula da lafazinki. Ranar difens kuwa tambayar da aka yi min ke nan.

Don haka in kana neman wanda zai cike maka fayil ko ya juya lamba ta fito yadda sufabaiza yake so, kar ka wahalar da ƙafarka, zai sallame ka. In kuma kana da kwana biyar kacal, nan ma ba wurinka ba ne. Wanda zai amfana shi ne mai lokaci a hannu, kuma shawarata ka je tun kafin ka buga takardar tambayoyinka, ba bayan ka gama tattarawa ba kamar yadda na yi, ka tafi da ruwanka da abin cajin waya, ka kuma bi bayan duk abin da yaran suka shigar.

Yaya kuwa, makon da muka yi zanen kibiyoyin nan na ɗauki takardar na kai wa Umma da mijin Yaya na nuna musu cewa damuwar ba raunin imani ba ce kuma ba shagwaɓa ba ce, ciwo ne da ke tafiya tare da wancan kuma yana da magani. Da ƙyar suka yarda aka kai ta ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, saboda da an ambaci wannan sai tunanin mutane ya tafi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau su ce ai ba hauka take ba. An ɗora ta a kan magani, tana kuma zuwa ana tattaunawa da ita. Ƙafar tana nan yadda take, da sanda take tafiya. Amma ranar sunan 'yar ƙanwarmu ita ta zauna a kujera a bakin murhu tana faɗa wa masu tuwo cewa ruwan ya yi yawa.